Ƙofar da Karto Ya Toshe

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan Azahar

Malamar asibiti ta ba ni wannan littafi wai in riƙa rubuta hawan jinina safe da yamma. To ga shi na rubuta: ya hau. Wadda ta hawar da shi kuwa wata yarinya ce mai hular kwano rawaya daga ofishin gidaje da tsara birni, sunanta Mbak Hesti, wato Malama Hesti a yarenmu. Ta zo da maza biyu da igiyar awo da gwangwanin jan fenti. Suka bi layinmu gida-gida, duk gidajen da suka jingina da bakin kogi, suna shata jan layi a jikin bango da ƙasa. Nawa layin ya ratsa tsakiyar ɗakin girki, ya raba murhu da randa.

Na ce mata, "Nduk, 'yata, wanne ne na gwamnati, murhun ko randar? In sani, kada in sha ruwanku ba izini."

Ta yi dariya har da rufe baki. Ta ce, "Mbah Ngatirah, kakata, duk naki ne. Bango ne kawai zai matsa."

Bango ne kawai. Haka yaran yanzu ke magana, sai ka ce bango kujera ce.

Laraba, 8 ga Oktoba, bayan Magariba

An yi taro a zauren unguwa bayan La'asar. Pak Sugeng, wato Malam Sugeng, mai unguwarmu, ya sa rigarsa ta zuwa biki, ya yi ta gyaran murya kamar zai kira salla. Mbak Hesti ta manna taswira a bango ta yi bayani. Ni na zauna gaba, don kunnena na hagu ya daɗe da ajiye aiki.

Abu uku hukumar birni ke so. Kowane gida ya ja baya mita uku daga bakin kogi, a yi katanga da hanya a wurin. Abin da aka yanke wa mutum a ƙasa a mayar masa a sama, wato bene. Na uku, kowace ƙofa ta juyo ta fuskanci kogi. Siminti da bulo da magina duk nasu ne. Kuma kowa zai sami takardar izinin zama, abin da ko iyayenmu ba su taɓa riƙewa ba. Amma sai layin duka ya yarda kafin Juma'a 24 ga wata, don a fara kafin damina ta kankama. In gida ɗaya ya ƙi, hanya ba za ta tsallake shi ba, sai a kwashe mu gaba ɗaya zuwa gidajen haya na bene can bayan tashar mota.

Ba wanda ya ce ba a buƙatar hanya. Bara da mijin Yu Painem, wato Yaya Painem, ya faɗi, a kan ƙyauren ɗaki aka ɗauke shi har bakin titi, don motar asibiti ko hancinta ba ya shiga lungunmu.

Painem maƙwabciyata ce, mun tsufa muna faɗa ta kan katanga. Ta ɗaga hannu ta ce, "Kajina fa? Su ma bene za su hau?"

Na ce, "Ke dai Yu, fara neman wanda zai ɗaga ki tukuna. Kaji suna da fiffike."

Ta ce, "Ni a ɗaga ni, Rah, ke kuwa sai an mirgino ki."

Zaure ya ɗauka da dariya, har Pak Sugeng ya manta inda ya tsaya.

Na dawo gida na tarar da Murti, jikata, tana ta murna, ga cikinta haihuwa yau ko gobe. Mijinta Gunadi, ɗan acaba, har ya fara zaɓen launin fenti. Na ce musu na farko na ji, na biyu ma na ji.

Murti ta ce, "Na ukun fa, Mbah?"

Na ce shinkafa na ƙonewa.

Asabar, 11 ga Oktoba, da yamma

Hukuma ta kawo mota ta kai mu ganin gidajen benen, wai kowa ya gani da idonsa kafin ya zaɓa. Tsakani da Allah wurin tsaf yake. Famfo a cikin ɗaki, ba ɓera, ba warin kwata. Amma hawa biyar ne, kuma ba abin hawa sai ƙafar da Allah ya ba ka. A hawa na uku Painem ta zauna a kan matakala ta ce a aiko mata da likkafaninta nan.

Na tambayi mai kula da wurin, "Pak, in mutum ya cika a can sama, ta ina makara ke juyawa a wannan kwanar?" Ya dubi kwanar, ya dube ni, ya ce ba a taɓa tambayarsa ba. Na ce to ka fara tunani, ga mu nan tafe.

Daga can zuwa kasuwar da Painem ke sayar da soyayyar ayaba da tempe, wainar nan ta waken suya, sai an hau mota biyu. Gunadi ya ɓata rai duk hanya, don fasinjojinsa duk na wannan gefen ne. Murti ba ta hau ba. Ta tsaya ƙasa tana kallon tagogin, hannunta a kan ciki.

Ba na son wurin. Na rubuta a nan don kada wani ya ce ina so.

Litinin, 13 ga Oktoba, da hantsi

Rabin layi ya sa hannu. Ni tabarauna ya ɓace.

Talata, 14 ga Oktoba, da hantsi

Murti ta gano tabarau a cikin garwar shinkafa. Abin mamaki. Abubuwa na tafiya da kansu a gidan nan.

Laraba, 15 ga Oktoba, bayan La'asar

Mbak Hesti ta zo da takardarta. Na zaunar da ita, na kawo shayi mai sukari da dafaffen rogo. Na ba ta labarin ranar da marigayi mijina Karto ya tuƙa wata amarya mai nauyin buhu uku a kekensa na haya har kan tudun masallaci, ango na biye a guje yana tura su da kai. A gaskiya amaryar ba ta kai buhu biyu ba, amma kowace shekara tana ƙara ƙiba a bakina. Na tambaye ta ko tana da miji. Na ce Pak Sugeng yana da ɗan ƙane, haƙoransa duk suna nan. Ta sha shayi kofi biyu, ta yi dariya, sannan ta turo mini takardar a hankali. Yarinyar nan ba ta mantuwa.

Na ce, "To ji nan, Nduk. Ku yanke. Ku ɗora bene, ku ɗora biyu in kuna so. Ƙofata dai ku bar ta inda take, ta lungu."

Ta ce lungun ba zai zauna lungu ba. Ta nan za a bi da manyan bututun ruwan ƙazanta, don a daina zuba shi a kogi, abin da zai rage ko mutum ɗaya sai ya karkace zai wuce. In gobara ta tashi ko wani ya faɗi, ta sabuwar hanya za a zo. Ta ƙara da cewa sun lura duk inda ƙofa ke kallon ruwa, mutane na daina zuba masa shara, don ba mai son bola a ƙofar gidansa.

Na ce, "Ni ban taɓa zuba masa ko ɓawon gyaɗa ba. Ba na ba shi, ba ya ba ni."

Ta dube ni wani iri. Ta ce za ta kai maganata wajen shugabanta.

Ni da kogin nan ba ma gaisawa. In zan haye gada, yatsun ƙafata nake kallo. Ko da ya shigo mana ɗaki lokacin ambaliya, share shi na yi na fitar, ban ce masa komai ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan masallaci

Shugaban ya ce a'a. Ita da kanta ta zo ta faɗa mini, ba ta aiko ba. Wannan ya burge ni, amma ban nuna ba.

Yanzu ni kaɗai na rage. Na fita sayen barkono, matan da ke bakin lungu suka yi tsit kamar an ɗauke wuta. Matar Pak Sugeng ta gaishe ni da rabin baki, ɗaya rabin ta bar shi gida. Shi kuwa ya zo da rigar bikin nan, ya durƙusa, ya yi Mbah kaza Mbah kaza, har shayinsa ya huce. Na ce masa ranar ba ta da kyau ga sa hannu. Ya ce wace rana ce mai kyau? Na ce ina bincike.

Painem kaɗai ta aiko da soyayyar ayaba. Biyu daga ciki sun ƙone. Da gangan ta yi.

Asabar, 18 ga Oktoba, bayan Azahar

Ruwan farko ya sauka. Ina jin kogin ta bayan bango. Na ƙara muryar rediyo.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da yamma

Murti ta ɗaga mini murya. Tun da uwarta ta tafi aiki can tsibirin Batam ta bar mini ita tana rarrafe, ba ta taɓa ba.

Ta ce, "Mbah, kin ga matakalar nan da idonki! Da jariri zan riƙa hawa? Mijina Mas Gun ya nemi fasinja a ina? Mutanen layin nan duka za su rasa gidajensu saboda ƙofa? Ƙofa, Mbah! Katako!"

Na ce, "Yi a hankali, kada ki haife mini shi a kan tabarma, jiya na wanke ta."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ki faɗa mini dalili ɗaya in ji."

Na ce ina son inda ƙofata take, rana ba ta dukanta.

Ta shiga ɗaki ta ja labule. Gunadi ya fito ya goge babur ɗin da ya riga ya goge.

Gaskiyarta ce. Na san gaskiyarta ce.

Litinin, 20 ga Oktoba, bayan Asuba

Da ɗana yana nan, da yanzu yana da furfura.

Talata, 21 ga Oktoba, bayan La'asar

Painem ta saki baki. Shekara da shekaru tana riƙe da magana, sai yanzu ta yi mata nauyi.

Na gane ne da na ga Mbak Hesti ta shigo ba hula, ba takarda, ta tuɓe takalmi tun daga lungu. Ta zauna a ƙasa, ba a kujera ba. Murti na tsaye a bakin labule idonta ja, ashe ita ma an faɗa mata.

Mbak Hesti ta ce, "Mbah, zan iya ganin wurin?"

Na sa Gunadi ya janye kabad ɗin ɗakin girki. Ga shi nan kowa ya gani: siffar ƙofa a jikin bangon baya, tubalinta daban da sauran, layukan duk a karkace.

Da can nan ce ƙofarmu. Layin nan duka kogi yake kallo a lokacin, kafin ruwan ya ɓaci kowa ya juya masa ƙeya. Shekarar babban ruwa, ta nan ɗanmu ya fita da safe, takalminsa a hannu don kada ya jiƙe. Sabon takalmi ne, an saya masa don shiga makaranta. Kogi ya tafi da shi, ba a sami abin da za a kai maƙabarta ba. Karto ya toshe ƙofar kafin sadakar arba'in, ya fasa wata ta lungu. Abin da ya rage mini nasa yana nan waje, dama da wannan ƙofa, inda ubansa ya binne mabiyiyarsa ranar da na haife shi. Daidai inda za a haƙa tushen katanga.

Ban faɗa mata ko ɗaya daga cikin wannan ba. Na ce mata dai, "Kin ga aikin Karto? Da shi kuka ba kwangila, da birnin nan ya zube tuni."

Ta sa tafin hannunta a kan tubalin, ta daɗe. Sannan ta ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba, Mbah. Tun jiya nake aunawa ta ko'ina, katangar ba ta kaucewa. Ranar Juma'a ma ba a hannuna take ba. Abin da zan iya shi ne, ba wanda zai sa diga a nan ba da saninki ba."

Na ce ta ci rogo. Ta ci.

Da ta tafi na leƙa ta katanga na ce, "Yu, bakinki ya fi kaskonki faɗi."

Painem ta ce, "Zage ni ki huta, Rah. Ni na riƙe ki ranar. Ba zan bari ki tafi hawa na biyar ki bar shi a ƙarƙashin motar rusau ba."

Ban yi tunanin wannan ba. Wallahi duk kwanakin nan ban yi tunaninsa ba. In na ƙi, wurin ma ba za a bar shi ba.

Laraba, 22 ga Oktoba, da hantsi

Murti ta tsefe mini kai. Ta ja da ƙarfi sau biyu, na ƙyale ta.

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan Magariba

Namiji ne! Da hantsi aka haife shi a ƙaramin asibiti. Murti lafiya lau, har tana neman shinkafa da yaji. Yaron ja-jawur, ga kunnuwa irin na Gunadi, Allah ya sa ya girma ya cike su. Na ce masa, "Le, ɗan yarona, ka zaɓi makon zuwa. Gida ma ba mu san ko muna da shi ba." Ya yi hamma a fuskata. Ba shi da kunya, jinina ne.

Bayan Azahar Gunadi ya dawo da mabiyiyar. Ya wanke ta tas kamar yadda na koya masa, muka naɗe ta a farin ƙyalle, muka sa a sabuwar tukunyar ƙasa da gishiri da furanni, da allura da zare, da guntun fensir don ya yi karatu. Painem ta so ta jefa cokali wai ya iya suya, na buge hannunta. Gunadi ya yi wanka, ya sa rigar aurensa da hula, ya rungume tukunyar da zane kamar jariri. Ai a wurinmu mabiyiya ƙanen yaro ce, tare suka zo. Wurinsa gefen ƙofar gida, na namiji a dama, a kifa kwando, a kunna masa fitila kwana talatin da biyar ba mai taɓawa.

Gunadi ya nufi ƙofar lungu, ya tsaya. Ya juyo. Ya tsaya a tsakar ɗaki, gumi na zubo masa.

Ya ce, "Mbah, ina ƙofa?"

Na ce, "Ka makance ne? Ta ina ka shigo?"

Ya ce, "In na binne a nan, masu bututu za su tone. In kuma tashi za mu yi, mu tafi mu bar shi? A hawa na biyar ina ƙasa? Ki faɗa mini inda ƙofar gidan yaron nan take, Mbah, hannuna ya gaji."

Painem ta buɗe baki, ta rufe. Wannan ma abin rubutawa ne.

Na dubi tukunyar. Irin wadda Karto ya binne ce sak, har wannan ɗan baƙin a gindi. Masu ginin tukwane ba su canja hannu ba.

Na ce, "Kira mini yarinyar nan mai hula."

Ta zo a kan babur, hularta a karkace, ta zaci wani ya faɗi. Na ce, "Nduk, nuna mana inda ƙofarku za ta tsaya." Ta dubi Gunadi da tukunya, ta dube ni. Ba ta yi tambaya ba. Ta warware igiyar awo, ta durƙusa a ɗakin girki, ta auna daga bangon Painem, ta zana da alli a kan jan layin nan tsakanin murhu da randa. Ta ce a bakin kowace sabuwar ƙofa za a bar ɗan fili na ƙasa ba siminti, don shuka.

Na ce, "To ga shukarmu."

Sai rigima ta tashi kan wane gefe ne dama. Painem ta ce dama in kana shiga. Na ce dama in kana fita, wa ya taɓa auna ƙofa daga waje kamar ɓarawo? Ta ce ita ta haifi shida. Na ce shi ya sa duk suka fito bahagwai. Mbak Hesti ta juya taswirarta sama da ƙasa, ta ce ofishinsu ba shi da doka a kan wannan. Gunadi ya ce don Allah a yi sauri. Na yi nasara, gidana ne.

Aka fasa daɓen ɗakin girki. Gunadi ya haƙa, ya yi addu'a, ya binne. Muka kifa kwando, muka kunna fitila. Yanzu haka da nake rubutu ina hango ta, tana ci a gefen ƙofar da babu ita, kusa da kwandon albasa.

Juma'a, 24 ga Oktoba, da hantsi

Na sa hannu. Tabarau bai je ko'ina ba yau.

Pak Sugeng har da ƙwalla. Na ce masa, "Ga ranar mai kyau, na gama bincike." Matarsa ta kawo ɗaya rabin gaisuwar, haɗe da kwanon ƙwai.

Laraba, 29 ga Oktoba, bayan La'asar

Yau aka zo kanmu. Mun tattara komai a ɗakin gaba, mu uku da jariri da kabad, in mutum zai juya sai ya nemi izini.

Mbak Hesti ta zagaye kwandon fitila da igiyar hukuma mai ja da fari, ta fara yi wa magina bayani. Babbansu ya ce, "Mbak, mu ma an haife mu." Ya sa aka yi wa wurin rumfar katako don kada ɓaraguzai su faɗa.

Na roƙi abu ɗaya, tubalin Karto a cire shi da hannu, ba da guduma ba. Suka cire ɗaya-ɗaya. Babban maginin ya ce bai taɓa ganin gini mai muni da ƙarfi haka ba. Da haske ya shigo na juya kujerata, na ba wurin baya.

Gunadi ne ya fita ya haƙa, Painem na nuna masa. Ina jin ta tana cewa, "Matsa nan, Le. Nan. A hankali, Sarno ne."

Rabon da in ji sunan ɗana a bakin mutum tun Karto na da rai.

Ba a sami komai ba sai ƙasa da 'yan katangar tukunya guda uku. Me za a samu? Murti ta kawo mini su a farin ƙyalle, ta sa a cinyata. Na riƙe na ɗan lokaci. Ba nauyi. Sannan na ba Gunadi ya sa a gefen na jaririn, ƙarƙashin kwando ɗaya.

Na ce, "To, shi ma ya ja baya mita uku kamar kowa. Ba wanda ya fi ƙarfin hukuma."

Painem ta yi dariya tana fyace hanci. Mbak Hesti ta ce ƙura ta shiga idonta. Injiniya guda, ƙarya ma ba ta iya ba.

Ban juya ba.

Litinin, 3 ga Nuwamba, bayan Azahar

Siminti ya makara kwana biyu, Mbak Hesti ta yi ta faɗa a waya har na ji tausayin wanda ke can. Ruwa ya jiƙa mana katifa. Kajin Painem sun koma kwana a kan bulon hukuma, ta ce ai sun fara koyon hawa bene.

An sa wa yaro suna Bagas. Ni ina kiran sa Injiniya, don shi ya yanke maganar ƙofa.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da hantsi

An kafa ƙyaure. Shuɗi ne, zaɓen Gunadi. Murti ke fita zuba wa fitila mai. Ni har yanzu ta lungu nake bi, a karkace, ina tsallake bututu.

Talata, 25 ga Nuwamba, bayan Magariba

Bari in rubuta wannan tun hannuna bai huce ba.

Da La'asar ina ɗakin gaba ina jijjiga Injiniya, sai na ji wata ƙara, tinjim! Sai muryar Painem, irin wadda ban ji ba tun safiyar babban ruwa: "Wani ya faɗa kogi! Jama'a, wani ya faɗa!"

Ban san lokacin da na miƙa wa Murti yaro ba. Ban san lokacin da na ture shuɗin ƙyauren nan ba. Na dai gan ni a waje, a kan sabuwar hanya, ƙafa ba takalmi, na dafa katanga ina leƙawa, ina kiran sunan da ba na wanda ya faɗa ba.

Pak Sugeng ne. Da rigar biki. Yana tsaye tsakiyar ruwa iya ƙugu, hularsa na tafiya can, ganyen ayaba a kafaɗarsa, hannuwansa biyu a sama riƙe da wata babbar ambulan kamar mai ɗauke da farantin amarya. Ashe daga ofishin hukuma yake, an ba shi takardunmu na izinin zama, sun ce tunda kowa ya yanke ba sai an jira bene ba. Ɗoki ya hana shi zagayawa, ya bi ta inda ba a gama katanga ba, yana tafe yana ɗaga wa mutane ambulan.

Ya ɗago kai ya ce, "Ba su jiƙe ba! Ku karɓi takardun tukuna, ni daga baya!"

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Na yi ta yi, har ta koma wani abu dabam, Painem ta zo ta zauna kusa da ni ta riƙe ni kamar yadda ta taɓa yi. Sannan muka sake komawa dariya, don magina sun jawo shi da gora, takalminsa ɗaya ya tsaya a laka.

Takardata tana nan, da sunana da hatimi. An rubuta Ngatirah daidai, ban zata ba.

Da mutane suka watse ban shiga ba. Na tsaya na dubi kogin. Launin shayi da madara ne, yana tafiyarsa. Akwai wata farar tsuntsuwa a kan dutse, ga yara a wancan ƙetaren suna jifan hular Pak Sugeng. Ya fi yadda na bar shi ƙanƙanta. Ban gaishe shi ba, kada a ce. Na dai dube shi.

Na sa Gunadi ya fito mini da kujera, na zauna gefen kwandon fitila har aka kira Magariba. Gobe Mbak Hesti za ta sha faɗa a kan wannan giɓin katanga, kuma nan zan zauna har a toshe shi. Dole wani ya riƙa sa ido a hanyar nan, tunda mai unguwa ma bai iya tafiya ba.